Ƙudiri Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Ƙwararre ya ce babu takardar da za ta tashi daga wani tebur zuwa wani a ginin majalisar birni bai sani ba. A gabana ya faɗa, ranar da aka kafa allon, yana tsaye a bakin matakala cikin kwat, gumi na bin wuyansa. Ya ce a ƙasashe uku ya kafa irin wannan tsari. Bai faɗi sunayensu ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Ba ni na laƙaba masa Ƙwararre ba. Haka aka rubuta a ƙofar ofishinsa, kuma shi ya ba da rubutun.

Ni 'Yar Kwafi ake ce mini. Ƙarƙashin matakalar nan nake zama, ni da injin fotokwafi da kujera mai ƙafa uku da rabi. A aji uku na sakandare muka rabu da makaranta, ba tare da an yi faɗa ba. Sauran karatuna a bakin injin na yi shi, don duk abin da aka miƙo mini, kafin ya fito ta ɗaya gefen na karance shi. Littafin ƙa'idojin majalisa kuwa na kwafe shi ya fi sau sittin. Kowane sabon kansila sai an yi masa nasa, ya kai bayan mota ya ajiye. Ina jin daga ni sai Magatakardan majalisa muka taɓa kaiwa shafin ƙarshe.

Tsarin Ƙwararre ba wuya. Kowane ƙudirin doka yana da fayil, a bangon fayil ɗin an liƙa wata 'yar takarda mai zane-zanen baƙi. Kowane ofis an ba shi wani abu kamar tocila. Fayil ya iso, a haska 'yar takardar, abin ya yi ƙit, sai allon da ke zaure ya nuna inda ƙudirin yake. In yana tafiya, kore. In ya kwana uku a tebur ɗaya, sai ya koma ja, da sunan ofishin ɓaro-ɓaro, inda duk mai shigowa zai gani, har mai kawo ruwa. Ofishin Ƙwararre ne kawai ba ya yin ja. Sati biyu aka yi ana ganin ja. Daga nan ba a sake gani ba. Ƙwararre ya ce aiki ya ninka sauri sau huɗu.

Ni layi ɗaya nake dubawa a allon, lamba arba'in da ɗaya. Ƙudiri ne na ɗauke juji daga cikin gidaje da hana ƙona shara kusa da su. Jujin unguwarmu katanga ɗaya ce tsakaninsa da ɗakin Ummata. Kullum da yamma sai an cinna masa wuta, roba da leda da tsumma, hayaƙin ya shigo ta taga ya zauna kamar shi ke biyan haya. Umma tana da asma. Abin shaƙarta a ɗaure yake a bakin mayafi, kamar yadda wasu ke ɗaure makulli. Shekara biyu matan layinmu suna sintiri kafin kansilarmu ta gabatar da ƙudirin.

In na koma gida sai Umma ta ce, "To, me allonku ya ce yau? Na warke?"

"Kore ne, Umma."

"Madalla. Rufe mini tagar nan."

Ranar Alhamis wa'adin wannan majalisa zai ƙare. Ƙa'ida ta ce duk ƙudirin da ba a yi masa karatu na uku an kaɗa masa ƙuri'a ba kafin a tashi zaman ƙarshe, ya mutu. Sabuwar majalisa sai ta faro daga farko, kansilarmu kuma ba ta dawowa. Ranar Litinin allo ya ce arba'in da ɗaya ya gama da kwamiti, ya gama da lauya, yana jiran karatu na uku. Kore shar.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba a kawo mini shi ba. Kafin karatu na uku dole a ajiye wa kowane kansila kwafi a kan kujerarsa, su ashirin da ɗaya, kuma ni ke yi. An kawo na kasuwa, an kawo na fitilun titi. Nawa shiru.

Na tare Baba Masinja, tsohon da ke yawo da fayil-fayil tsakanin ofisoshi tun ban san hanyar ginin ba.

"Baba, ina arba'in da ɗaya?"

"Na sharar nan? Yana wajen Ƙwararre. Ya sa shi a kabad ɗin gilashi, har da ɗaure shi da kirtani ja. Wai shi ne na farko da allo ya bi tun daga haihuwa har girma, baƙi za su zo gani." Ya gyara hula. "Ai ni duk cikinsu shi na fi so, 'yata. Ba ya wahalar da tsoho. Ka ɗauke shi kamar ba ka ɗauki komai ba."

Na dube shi. Shafi goma sha huɗu ne, da rahoton likitoci a baya. Ni na kwafe shi a karatun farko, na san nauyinsa a hannu.

"Baba, tun yaushe ya daina nauyi?"

Ya yi lissafi da yatsu. "Tun daga wajen Antinku mai buga takardu."

Anti tana can ƙarshen baranda, a wani ɗaki da aka yanko daga sito. Shekara ashirin da shida tana buga takardun majalisa. Na same ta da gilashi a kan hanci tana neman wani gilashin.

"Anti, kin san inda arba'in da ɗaya yake?"

"Ba ya allo? Je ki tambayi allo mana, shi da ya san komai."

"Takardun nake nufi."

Ta jawo aljihun tebur na ƙasa, ta ɗaga jakar magani da takalmin roba, ta zaro su. Sha huɗu cif, an buga su tsaf.

Ga yadda aka yi. Kwamiti ya gyara tazarar da ke tsakanin juji da gidaje, daga mita ɗari zuwa ɗari uku, aka aiko wa Anti ta sake bugawa. Ba a iya bugu daga fayil a ɗaure, don haka ta zare takardun ta ajiye bangon a gefe, kamar yadda take yi tun kafin a haife ni. Washegari aka yi mata aikin ido, ta yi kwana takwas a gida. A rana ta uku allo ya kusa yin ja, aka ce wa Baba ya ɗauki bangon ya yi gaba. Ofis na gaba suka haska, ƙit, suka tura. Na gaba ma haka. Kowa na tsoron ganin sunansa a zaure, ba wanda ya tsaya kwance igiya. Da Anti ta dawo ta buga, ta leƙa allo ta ga ya yi nisa, sai ta ɗauka wani ya buga musu wani.

"Wata huɗu ke nan," in ji ta. "Wato kwali suke ta sa wa hannu?"

"Kwali, Anti."

"Ikon Allah. Ni da na zaci an daina buƙatata."

Safiyar Talata na buga ƙofar Ƙwararre. Ga fayil ɗin a cikin gilashi, an haska shi da 'yar fitila kamar zoben sayarwa.

"Ranka ya daɗe, fayil ɗin can babu komai a ciki."

Bai ɗago daga wayarsa ba. "Wace ce?"

"Mai fotokwafi."

"To, mai fotokwafi, zo ki gani." Ya juyo mini da kwamfuta. "Me aka rubuta nan? Shafuka, sha huɗu. Matakai, biyar cikin shida. Wannan ba ra'ayi ba ne, bayanai ne. Kin san bambancin?"

"A buɗe dai a duba, ranka ya daɗe. Ga makulli can a jiki."

"An rufe shi sai ranar Alhamis, a gaban baƙi. Matsalarmu ke nan a nan, ba mu yarda da ilimi ba, sai mun taɓa da hannu." Ya ƙara da wasu kalmomi na ƙasashen waje guda huɗu, ya ce in ja masa ƙofa.

Na ja masa ƙofa. Takardun suna cikin jakata, amma ban nuna masa ba. Na san halin mutumin: zai karɓe su ya ce sai ya kafa kwamitin binciken yadda aka yi, kwamitin kuma ya zauna bayan Alhamis.

Na zauna a kujerata na buɗe littafin ƙa'idoji a kaina, don na haddace wurin. Bai ce komai a kan bango ba. Cewa ya yi shugaban kwamiti ya sa hannu a shafin ƙarshe, lauyan majalisa ya buga hatimi a kowane shafi, a miƙa wa Magatakarda kafin a tashi aiki ranar jajibirin zama. Wato ina da yau da gobe. Na rufe injin da zani, na rubuta "Na je na dawo" na liƙa.

Shugaban kwamiti ba ya ofis. Ya faɗi zaɓe, har labule ya kwance. Direbansa ya ce yana garejin bayan tasha. Can na same shi a kan benci, ya tsura wa makaniki ido kamar mai jiran a fito da mara lafiya daga tiyata.

"Ranka ya daɗe, hannu za ka sa."

"Ni na gama da majalisa, yarinya."

"Sai jibi, ranka ya daɗe. Yau da gobe kai ne shugaba."

Ya karɓa yana juyawa. "Ai na sa wa wannan hannu tuntuni."

"A bango ka sa."

Makanikin ya leƙo daga ƙarƙashin mota yana dariya. Shugaba ya harare shi, ya dawo kaina. "Ke 'yar wace ce?"

"'Yar matar da ke bayan jujin."

Ya nemi mita ɗari ukun da yatsa har ya gani, ya ɗora takardar a kan murfin mota ya sa hannu. Man inji ya ɗan taɓa gefen shafin. Ƙa'ida ba ta hana ba.

Lauya shi ya ci mini rai. Sakatariyarsa ta ce yana ganawa. Ta ƙofar da ba ta rufu sosai ba ina hango shi yana ganawa da jarida. Na zauna a bencin. Aka tashi aiki ya fita ta ƙofar baya. Laraba ƙarfe bakwai da rabi ya zo ya same ni a bencin, ya yi kamar bai gan ni ba. Ƙarfe goma ya fito zai shiga banɗaki, na miƙe. Ya dawo, na miƙe. A karo na uku ya tsaya.

"Wai ke lafiya?"

"Arba'in da ɗaya ne, Barista. Hatimi."

"Na duba shi tun watan jiya. Ba shi da matsala."

"Shafi nawa ne, Barista?"

Sakatariya ta sunkuyar da kai cikin aljihun tebur, kafaɗunta na rawa.

"Shigo," in ji shi.

Gaskiya ɗaya zan faɗa a kansa: da ya zauna karantawa, ya karanta. Ya cire agogo ya ajiye, ya ɗauki jan biro. A shafi na tara ya tsaya. Sashen hukunci yana cewa a duba sashe na shida, alhali bayan gyaran kwamiti ya koma na bakwai.

"In aka zartar da shi haka, duk wanda aka kama yana ƙona shara, ƙaramin lauya ma zai fitar da shi kafin azahar. Wa ya bar wannan ya wuce?"

Na dube shi. Shi ma ya tuna wanda ya ce ba shi da matsala.

Na ruga wajen Anti. Ta ce idonta na ruwa, na ce zan karanta mata ta buga. Haka muka yi, ina faɗa tana bugawa tana mita, wai ina karatu kamar mai kiran fasinja. Na koma wajen Lauya da sabon shafi na tara. Ya buga hatimi sau goma sha huɗu, kowane bugu sai teburin ya amsa. Da zan fita ya ce, "Wace makaranta kika yi?"

"Ƙarƙashin matakala, Barista."

Ƙarfe uku da kwata na isa wajen Magatakarda. Dattijo ne siriri, ba ya gaggawa ko gini na ci da wuta. Na ba shi labari a tsaye. Ya lashi yatsa ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, yana duba hatimi, ya kai kan sa hannun, ya shinshina man injin.

"Allo ya ce yana ofishin Ƙwararre," in ji shi.

"Haka ya ce, Baba."

"Ni dai takarda aka ɗauke ni in karanta wa majalisa." Ya jawo wani babban littafi mai baƙin bango daga bayan kabad, wanda aka ce an daina amfani da shi, ya hure ƙura, ya rubuta lamba da rana da lokaci. "Kwafi ashirin da ɗaya, kafin tara na safe. Kar ki kawo mini mai baƙi-baƙi a gefe."

Injina ya san ranar da zai yi gardama. A kwafi na sha biyu ya fara cin takarda. Na buɗe cikinsa, na zaro, na lallashe shi, na mare shi a inda ya saba. Baba Masinja ya tsaya yana jera mini shafuka, Anti tana maƙalawa. Kafin mai gadi ya fara kaɗa makullai mun gama.

A gida na tarar an cinna wa jujin wuta. Umma na zaune a tsakar gida da jiƙaƙƙen tsumma a hanci.

"Yau me allon ya ce?"

"Rabu da allo, Umma. Gobe ki sa mayafinki mai kyau, za ki raka ni."

Alhamis na zaunar da ita a bencin 'yan kallo, sahun gaba, ni da matan layinmu shida. Kansiloli suka shigo, kowa ya tarar da kwafinsa a kujera. Wasu suka karanta, wasu suka yi fifita da shi. Ƙwararre ba ya nan. Yana zaure tun safe da baƙinsa daga wasu birane, yana nuna musu allo da sanda.

Aka yi na kasuwa. Aka yi na fitilu. Kakakin majalisa ya ce, "Lamba arba'in da ɗaya." Magatakarda ya miƙe ya karanta, a hankali, har mita ɗari ukun. Wani kansila ya ce ina za a kai sharar, kansilarmu ta ce yana shafi na sha ɗaya, in ya daina fifita da shi zai gani. Aka ɗaga hannu. Ina ƙirgawa, Umma na matse mini gwiwa. Sha shida suka yarda, uku suka ƙi, biyu sun fita amsa waya. Kakaki ya buga guduma.

"Shi ke nan?" in ji Umma.

"Saura Shugaban birni ya sa hannu. Amma ya tsallake, ba ya mutuwa kuma."

"To wa zai kai masa?"

"Baba Masinja. Ni kuma ina bayansa."

Ana shirin kiran na gaba sai ƙofa ta buɗe. Ƙwararre ne, baƙi takwas a bayansa da mai ɗaukar hoto. Ya riƙo fayil ɗin da hannu biyu a gaban ƙirji, yana takawa a hankali don hoto ya fita.

"Mai girma Kakaki, ina neman izinin gabatar da ƙudiri mai lamba arba'in da ɗaya domin karatu na uku. Wannan rana ce ta tarihi."

Kakaki ya dubi Magatakarda, ya dube shi. "Ai mun zartar da shi yanzun nan."

Ƙwararre ya yi murmushi irin na malamin da ɗalibi ya ba shi amsar banza. "Ba zai yiwu ba, ranka ya daɗe. Ga shi a hannuna. Sati guda yana ofishina a kulle, tsarin ya tabbatar. Ban san abin da aka karanta muku ba, amma ƙudirin gaskiya shi ne wannan."

Umma ta yi tari. Kansilarmu ta juya kujerarta ta fuskance shi.

"To, Ƙwararre, kar mu yi kuskure a ranar ƙarshe. Buɗe naka ka karanta mana shafi na tara, mu gwada da namu."

"Da farin ciki," in ji shi.

Ya ce wa mai hoto ya matso. Ya kwance jan kirtanin, ya miƙa wa ɗaya daga cikin baƙin ya riƙe masa. Ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya, ya buɗe.

Ƙarfen maƙale takardu ne kawai a ciki, ya ɗan yi tsatsa. Ƙwararre ya duba bangon hagu, ya duba na dama. Sannan ya kifa fayil ɗin ya girgiza.